Yatsan Rekiya

Isma'ila mutum ne mai surutu, irin wanda ko shi kaɗai ne a gona, in ka jiyo daga nesa sai ka rantse su uku ne. Da ya sayi babbar waya kuwa sai abin ya samu wurin zama. In yana ban ruwa a gonar tumatirinsa da ke bakin kanal, tsakanin Kura da Bunkure, sai ya jingine wayar a kan kunya, ya danna wurin naɗar murya, ya yi ta zuba. Ya yi wa tsutsa faɗa, ya kwaikwayi muryar dillalai, ya rera waƙar da bai iya ba, ya tsokani matarsa Rekiya a kan wata miya da ta cika wa gishiri tun bara. In ya dawo gida da yamma sai ya miƙa mata, tana tankaɗe tana saurare tana dariya. Ba ya tura wa kowa, domin shi a wurinsa sayen data ɓarna ce, kuma bai taɓa sa wa wayar katin memori ba. Saboda haka duk surutun nan babu inda yake a duniya sai cikin wayar.

Rekiya ba ta yi boko ba, kuma zanen da ake ja a fuskar waya kafin ta buɗe kullum ruɗa ta yake yi. Sai wata rana Isma'ila ya kama babban yatsanta ya yi ta ɗorawa a bayan wayar har ta ɗauka. Ya ce mata, "Shi ke nan, ke ma ta san ki." Daga ranar ba ta ƙara kula da yadda yake jan zanensa ba.

Da hantsin wata Talata ya ɗaure kwanduna a babur ya nufi kasuwar tumatir, tirela ta ture shi a kan babban titi. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Wayar a cikin taɓon bakin kanal aka tsinto ta, fuskarta ta tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, amma tana kunne. Rekiya kuwa tana da tsohon ciki, na fari.

Washegari da safe ta aika a kira mata Alamin, ƙanin mijinta, wanda ke da 'yar rumfar gyaran waya a bakin titin Kura. Da can in ya shigo gidan sai an ji su, yana ce mata ta tsufa tana ce masa gwauro. Yau ta shiga takaba. Ya tsuguna a bakin ƙofa, labule a tsakaninsu, ya yi mata gaisuwa, ta amsa da ƙyar. Can sai hannunta ya fito ta ƙasan labulen riƙe da wayar, a buɗe.

"Muryar yayanka na ciki," in ji ta. "Ina so wanda ke tafe ya ji ta. Ka ciro min ita ka ajiye a inda ba za ta ɓata ba. Ba ni da wata buƙata a wurinka sai wannan."

"In sha Allahu, Yaya," in ji Alamin.

Ya san wayar, ya san ciwonta. Tun kafin hatsarin ta cika ta batse, tana zafi, tana sandarewa. Ya sha gaya wa Isma'ila ya kawo ta a yi mata filashin, wato a wanke ta tas a zuba mata sabuwar manhaja daga kwamfuta, amma sai an kwashe abin da ke ciki tukuna, domin filashin ba ya barin komai. Isma'ila kullum sai ya ce bari a gama kwasar tumatir. A nan tsugune Alamin ya gwada tura murya ɗaya zuwa tasa wayar ta bulutut. Wayar ta sandare. Ya riƙe ta yana kallo har ta farfaɗo don kanta. Bai sake gwadawa ba.

"Yaya, ki saurare ni da kyau," ya ce. "Muddin tana kunne, yatsanki zai buɗe ta. Amma in ta mutu aka sake kunna ta, ba za ta ƙara karɓar yatsan kowa ba sai an ja mata zanen. Ko ba ta mutu ba ma, in ta kwana biyu ba a ja ba, da kanta za ta nema. Kin san zanen?"

"Ban sani ba."

"Ni ma ban sani ba. To yau ɗin nan zan kwashe muryoyin zuwa kwamfuta ta kebul. Kada a bari ta mutu."

Ya jona wa wayar fawabank ɗinsa don kada cajinta ya ƙare, ya mayar wa Rekiya, ya hau babur ya tafi Kura ya ɗauko kwamfutar aikinsa da jakar kebul. Da ya dawo ya karɓi wayar ya shimfiɗa kayansa a cikin zaure, domin cikin gida mata sun cika, ƙofar gida kuma maza ne a kan tabarmi suna karɓar gaisuwa. Mahaifinsu, Malam Haladu, shi ne zaune daf da ƙofar zauren. Ya bi kwamfutar da ido.

Wanda bai taɓa haɗa waya da kwamfuta ba zai ɗauka abin soka wannan a wancan ne kawai. Alamin ya soka kebul na farko, wayar ta nuna tana caji, kwamfuta ko gezau. Ya canza wani, haka. Kebul ɗin kasuwa ke nan. A ido ga shi mai kauri, har da sheƙi, a ciki kuwa wayoyin wuta ne kawai, waɗanda ke ɗaukar bayani an cinye su tun daga kamfani. Mai sayarwa zai rantse maka orijinal ne, kuma shi ma bai san ƙarya yake yi ba. Alamin ya zazzage jakar ya samo wani tsohon baƙi da ya naɗe wa wuya da salatif, wanda bai taɓa ba shi kunya ba. Shi ma ya ba shi.

Ya haska ramin cajin wayar da fitila. Taɓon kanal ne a ciki, ya bushe ya zama kamar siminti, ya bar ɗan wurin da wuta ke wucewa kawai. Da wayar wani ce, da sai ya kashe ta, ya kwance ta, ya wanke ramin hankali kwance. Wannan kuwa ba halin a kashe ta. Ya karyo tsinken tsintsiya ya fiƙe shi da reza, ya shiga sakace ramin a hankali, yana hurawa, yana tsoron kada ya taɓa abin da zai sa ta ɗauke. Mutane na shiga suna fita, kowa sai ya tsallake ƙafarsa. Wata gwaggonsu ta tsaya ta dube shi, ta ce, "Oh ni, yaran yanzu," ta wuce.

Da ramin ya fita, ya sake sokawa. A wannan karon kwamfuta ta yi 'yar ƙararta, sai kuma ta rubuto cewa an jona wani abu amma ba ta gane shi ba. Ramukan USB na kwamfutar ma ga su nan: ɗaya ya daɗe da mutuwa, ɗaya yana girgiɗi kamar haƙorin tsoho. Ya koma mai girgiɗin, ya juya kebul, ya cire ya mayar, amsa ɗaya. Ya gane abin da take nema. Akwai wata 'yar manhaja da masu gyara ke kira direba, ita ce tafinta tsakanin kwamfuta da kowane irin waya, kuma ta irin wannan wayar ba ta kan kwamfutarsa. Sai an sauko da ita daga intanet, zauren kuwa babu sabis ko na rantsuwa.

Haka ya fito da tasa wayar a hannu, ya ratsa masu zaman makoki, ya hau tudun bakin kanal ya ɗaga ta sama yana neman sabis. Daga can yana hango gonar Isma'ila, tumatir ya nuna jajir babu mai tsinka. Yana kuma jin idanun mutane a bayansa. Ya san abin da suke cewa: wansa bai kwana biyu a ƙasa ba, shi yana kan tudu yana latse-latse. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, amma ya tsaya har ta gama sauka.

Da zai koma zaure Malam Haladu ya tare shi da murya ƙasa-ƙasa.

"Kai, wai me kake yi ne tun safe?"

"Wani ɗan aiki ne, Baba. Na kusa gamawa."

"Aiki," in ji tsohon. Ya kawar da kai.

Da Alamin ya tsuguna a lokacin ya yi masa bayani, da ƙila labarin ya canza. Amma ta ina zai fara? Isma'ila ɗan fari ne. Malam Haladu bai taɓa kiran sunansa ba tun da aka haife shi, sai "yaron nan" ko "wancan", kuma ko jiya a maƙabarta ba wanda ya ga hawayensa. Mutumin da ke wannan kunyar ba a tsuguna a gabansa cikin jama'a a ce masa ana ciro muryar ɗansa yana tsokanar matarsa. Alamin ya sunkuyar da kai ya shige.

Ya sa direban, ya sake jonawa. Kwamfuta ta gani, ta ɓace, ta gani, ta ɓace. Sai ya lura in ya ɗan ɗaga bakin kebul ɗin sama ya danne shi gefe, tana tsayawa. Ya samo kwalin ashana ya tokare shi, ya yanko robar tsohuwar tayar keke ya ɗaure wayar da kebul ɗin, ya janye hannunsa a hankali. Ta tsaya. Ga sunan wayar nan a fuskar kwamfuta. Ya danna, cikinta fayau, kuma ya san haka za a yi. Waya ba ta nuna wa baƙuwar kwamfuta kayan cikinta sai an buɗe ta an ba da izini. Abin da ya rage bai taka kara ya karya ba: Rekiya ta ɗora yatsa, shi ya danna yarda, ya kwashe.

Sai dai kayan ba sa ɗaguwa. Ko numfashi mai ƙarfi aka yi kusa da kwalin ashanar nan, aiki ya koma baya. Ya leƙa cikin gida ya roƙi gwaggon nan ta gaya wa Rekiya ta lulluɓa ta zo bakin ƙofar zaure ta ciki, ba sai ta shigo ba, hannu kawai za ta miƙo. Gwaggo ta ce sai matan da ke ɗakin sun ragu.

Yana tsaye yana jira sai ga motar mutanen Kadawa, liman a gaba, sun zo ta'aziyya. Aka tashi ana gyara tabarmi.

"Alamin," in ji Malam Haladu daga waje. "Fito."

"Baba, yanzun nan, don Allah."

"Ƙasar kabarin ɗan'uwanka ba ta bushe ba. Malamai sun taso takanas, kai kana ɗaki da na'ura. Fito, na ce."

Ya fito. Wurin manya ya cika, sai can ƙarshen tabarma ya samu, cikin samari. Liman ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Ana tsakiyar addu'a, wuri ya yi tsit sai amin da ke tashi, sai wayar Isma'ila ta ɗauki ƙara daga cikin zaure. Waƙar biki ce, mai ganga da kuwwa, kuma Isma'ila ya ƙure mata murya don ya riƙa ji ko injin ban ruwa na aiki. Daga baya aka ji wani dillali ne daga Ikko da labari bai kai masa ba.

Mutane suka fara satar kallon juna. Malam Haladu, da yake shi ne a bakin ƙofa, ya miƙa hannu ya jawo wayar, roba da kwalin ashana suka watse. Bai san inda ake taɓawa ba. Ya lalubo maɓallin gefe ya danne shi da babban yatsa, irin dannar da manomi ke yi wa bakin tiyo, ya riƙe.

Alamin na gani. Hannuwansa na sama, tsakaninsa da mahaifinsa akwai dattawa jere, liman bai kai Fatiha ba. Kalma ɗaya ce, da ya ɗaga murya ya ce Baba saki, da an wuce wurin. Amma tun da yake bai taɓa ɗaga wa mahaifinsa murya ba, balle a gaban baƙi, balle cikin addu'ar mamaci. Bakinsa ya buɗe, abin da ya fito shi ne amin. Waƙar ta yanke. Tsohon bai saki ba, don ya tabbata ta yi shiru, har sai da wayar ta yi duhu ta girgiza a hannunsa ta fara kunna kanta. Ya ajiye ta a gefe ya shafa Fatiha.

Bayan baƙi sun tafi aka ce Rekiya ta zo. Alamin na tsugune a zaure da wayar a hannu. Hannu ya shigo ta gefen ƙyaure, da sauran tsohon lalle a farce. Ya kai bayan wayar ga yatsanta, ta ɗora. Wayar ta nuna ɗige-ɗigen zane. Ta goge yatsan a mayafi ta sake ɗorawa, ta sake.

"Ba ta san ni ba kuma?" in ji ta.

Ya gaya mata abin da ya faru, bai rage ba bai ƙara ba. Hannun ya koma.

"Kada ka gaya wa Baba," ta ce. "Ka ji ko? Ko bayan raina."

Sun gwada zane iri-iri a makonnin da suka biyo. Ta ce tana jin daga sama yake farawa. Wata rana ta ce a'a, kamar daga tsakiya. Duk kuskure wayar sai ta ƙara musu lokacin jira, har ta kai in an ja sau ɗaya sai a haƙura sai gobe. Alamin ya kai ta wurin manyan masu gyara a birni, ya bi rumfa-rumfa. Duk maganar ɗaya ce: buɗewa ba wuya, yanzu za a buɗe maka, amma wayam za ka same ta. Ya mayar wa Rekiya abarta. Ta ci gaba da yi mata caji tana ajiyewa a ƙarƙashin matashi.

Ta haifi 'ya mace, aka sa mata Ummul-Khairi. Da aka zauna rabon gado, aka zo kan gona da babur da injin ban ruwa, Malam Haladu ya ce shi cikin rabonsa ba ya son komai da za a auna, wayar yaron nan kawai za a ba shi. Kowa ya yi mamaki, don shi ko ƙaramar waya bai taɓa riƙewa ba. Aka aika a tambayi Rekiya, ta aiko da ita a naɗe cikin ɗankwali.

Alamin ya same ta kafin ta koma gidan iyayenta a Bunkure. Yanzu babu labule, jaririya na kafaɗarta.

"Yaya, zai ce in gyara masa ita. Gyaranta kuwa filashin ne, in na yi shi ke nan fa. Bari in gaya masa akwai abu a ciki. Ba sai na faɗi yadda aka yi ba."

"In ka ce akwai abu, zai tambayi me ya hana a ciro. Baba ba yaro ba ne, zai tuna." Ta gyara wa jaririyar hula. "Ni ma na gaji, Alamin. Kullum in na tashi sai na ɗora mata yatsa. Ka yi masa abin da ya ce."

Ranar kasuwa Malam Haladu ya zo rumfar da kansa, ya zauna a benci, ya zaro wayar daga aljihun 'yar ciki.

"An ce a kulle take. Ka buɗe min ita. Ko ba na kiran kowa, in riƙa ganin tana haske." Ya shafa tsagar fuskarta da yatsa. "Wannan kada ka canza. Haka aka tsinto ta."

Alamin ya karɓa. Ya ciro tsohon baƙin kebul, ya kashe wayar da hannunsa, ya danne maɓallin ƙara ya soka. Yana fata ta ƙi. Yana fata kwamfuta ta ce ba ta gane ba, ko ramin ya yi girgiɗi, ko wuta ta ɗauke, ya samu abin faɗa. Amma ramin ya riga ya sakace shi, direba ya riga ya sa. Sokawar farko kwamfuta ta amsa, babu kwalin ashana babu roba. Ba ta nemi yatsan kowa ba, ba ta tambayi ko an yarda ba. Wannan ne ya fi ci masa rai. Ya danna, layi ya taso daga hagu yana tafiya dama, kafin mai shayin kusa ya gama haɗa wa tsohon kofi ɗaya an gama.

Wayar ta kunna da haske tas, tana yi wa sabon mai ita maraba.

"Ta gyaru?"

"Ta gyaru, Baba."

Tsohon ya karɓa da hannu biyu, ya juya ta, ya daɗe yana kallo. Fuskarsa ta saki, irin sakin da Alamin bai gani ba tun ranar Talatar nan.

"Allah ya yi maka albarka. To saura abu ɗaya. Nuna min inda ake taɓawa in ta yi kuka a masallaci. Ranar nan da ƙyar na samu ta yi shiru."

Alamin ya kama babban yatsan mahaifinsa, mai kaushi, duk faso, ya kai shi kan maɓallin gefe.

"Nan ne, Baba. Sau ɗaya za ka taɓa, ka saki."

"Iyakarta ke nan?"

"Iyakarta ke nan."